Shin aure ne ya raba Lorena Ochoa da golf tana lamba ɗaya a duniya?

Tambaya: Wata 'yar uwa ce ta aiko tana cewa, "Malam, na ci karo da labarin wata 'yar wasan golf daga ƙasar Meziko mai suna Lorena Ochoa. An ce ta bar wasa tana da shekara 28, a lokacin da babu macen da ta fi ta a duniya, kuma watanni kaɗan bayan ta yi aure. Mijin ne ya hana ta? Ko kuwa dama haka sana'ar take, mace ba ta iya haɗa ta da gidan miji?"

Amsa: Malama, Allah ya saka da alheri. Na daɗe ban samu wanda ya tambaye ni wani abu a kan golf na mata ba, kuma sai ga shi kin faɗo a kan matar da na fi bibiya a lokacin da take tashe. Ni da ɗaukar jakar 'yan wasa na fara tun ina yaro, daga baya na riƙe sanda da kaina, yanzu kuma yara nake koya wa. Don haka abin da zan faɗa miki ya fito ne daga wanda ya sha ranar fili da ƙurarsa.

Ban yarda cewa miji ne ya hana ta ba, kuma ban yarda cewa golf ba ya zama da aure ba. Maganar iyali tana cikin lissafinta, ita ma ba ta ɓoye ba. Amma abin da ya sa ta ajiye sanda shi ne ƙishin gasa ya mutu a zuciyarta, ta gane da wuri, ta kuma ƙi yaudarar kanta. Kafin ki yarda da ni sai mun bi sawunta tun daga farko, domin shekara 28 da kike gani kaɗan, ita a lokacin ta riga ta kwashe 23 daga ciki tana buga ƙwallo.

Ga wanda bai san wasan ba, wanda a rediyo ake ce wa ƙwallon lambu: fili guda yana da rami 18, kowane rami an ƙayyade masa adadin bugun da gwani zai kai ƙwallo cikinsa, uku ko huɗu ko biyar. Wanda ya fi ƙarancin bugu shi ya ci. Manyan gasa kwana huɗu ake yi, rami 72. Ba a canjin ɗan wasa in ya gaji, babu kuma abokin wasa da zai rufa masa asiri. Kuskurensa nasa ne, a rubuce a kan kati.

An haifi Lorena ranar 15 ga Nuwamba 1981 a birnin Guadalajara. Gidansu yana maƙwabtaka da filin golf na Guadalajara Country Club, abin da ya nuna miki cewa ba gidan talakawa ta fito ba, don a Meziko golf wasan masu hannu da shuni ne, ƙwallon ƙafa da dambe su ne na jama'a. Ta fara bugu tana da shekara 5, ta ci gasar jiha tana da 6, ta ci ta ƙasa tana da 7. Daga 1990 zuwa 1994 ta ci gasar yara ta duniya da ake yi a San Diego sau biyar a jere. Tana da shekara 11 ta tunkari wani ƙwararren ɗan wasa na kulob ɗinsu, Rafael Alarcón, ta nemi ya koya mata, ta ce masa tana son ta zama ta ɗaya a duniya. Shi ne ya ci gaba da zama malaminta har ranar da ta bari. Wannan ya daɗe yana burge ni, saboda yawancin 'yan wasa da sun ji ƙamshin ɗaukaka sai su sauya malami su nemi mai babban suna. Akwai wani sunkuyar da kai da take yi a daidai lokacin da sanda ke saukowa, wanda in yaro ya yi a gabana zan gyara masa nan take. Alarcón bai rushe mata bugunta don ya yi kama da na littafi ba. Ya ga ƙwallo na zuwa inda aka aike ta, ya bar yarinya da abinta.

A 2000 ta tafi Jami'ar Arizona a Amurka da tallafin karatu na wasanni. Shekara biyu kacal ta yi a can, ta shiga gasa 20 ta ci 12, bakwai daga ciki a jere. A 2002 ta zama ƙwararriya, wato mai buga wasa don kuɗi. Ba a shiga babbar ƙungiyar ƙwararrun mata ta Amurka, LPGA, haka kawai. Ko dai a ci jarrabawar neman gurbi, ko a bi ta ƙaramin rukuni wanda a lokacin ake kira Futures Tour. Ta nan ta bi: gasa 10, ta ci 3, ta fi kowa tara kuɗi, aka ba ta katin shiga LPGA na 2003, kuma a wannan shekarar ita ce gwarzuwar sababbin shiga.

A nan zan ɗan tsaya, domin in ba ki san yadda makon ƙwararriyar 'yar golf yake ba, ba za ki fahimci dalilin da zai sa mutum ya gaji da abin da daga nesa yake kama da yawon shan iska ba. Litinin ranar tafiya ce, daga wannan gari zuwa wancan, wani lokaci daga wannan nahiya zuwa waccan. Talata a zaga filin da ƙafa, ita da mai ɗaukar mata jaka, wanda a fili muke ce wa kadi, suna auna nisa, suna rubuta inda ƙasa ta karkata da inda iska ke kaɗawa. Laraba a buga da baƙin kamfanonin da suka zuba kuɗi a gasar, awa biyar tana murmushi tana yaba bugun mutanen da ba su iya ba, don da kuɗinsu ake biyan kyauta. Alhamis a fara gasa. In aka ba ta fita da ƙarfe bakwai na safe, to tun huɗu da rabi tana tsaye. Bayan ta gama zagaye na awa huɗu zuwa biyar, ba gida za ta nufa ba, wurin atisaye za ta koma ta gyara abin da ya ɓaci, sannan motsa jiki, sannan 'yan jarida. Lahadi da yamma a naɗe kaya. Haka za a yi mako ashirin da wani abu a shekara, sauran makonnin kuma na shiri ne da hidimar kamfanonin da take yi wa talla.

Sannan babu albashi. Wannan shi ne abin da mutane da yawa ba su sani ba. Ɗan ƙwallon ƙafa ko yana benci za a biya shi ƙarshen wata. 'Yar golf ita ke biyan kuɗin jirginta, da masauki, da abinci, da malaminta, da kadinta wanda ke karɓar kuɗin mako gami da kaso daga abin da ta ci. A gasa ta yau da kullum mutum 144 ke farawa, ranar Juma'a da yamma a yi tankaɗe da rairaya, a zamanin Lorena a bar 70 na gaba da waɗanda suka yi kunnen doki da ta 70 ɗin. Wadda ta faɗi ƙasa da haka ta koma gida ko sisi babu, ga kuɗin da ta kashe ya tafi. Lorena ba ta sha wannan wahalar ba kamar na ƙasa da ita, amma a cikin wannan iskar ta rayu, inda bugu guda ke raba mai ci da mai asara kowane mako.

A watan Mayun 2004 ta ci gasarta ta farko a jihar Tennessee, ta zama 'yar Meziko ta farko da ta taɓa cin gasar LPGA. Amma ni in aka ce in zaɓi rana ɗaya da ta gina ta, ranar faɗuwa zan zaɓa.

Yunin 2005 ne, gasar US Women's Open a filin Cherry Hills da ke jihar Colorado. Wannan tana cikin manyan gasa huɗu na wancan lokacin, waɗanda da su ake auna girman 'yar wasa. Ranar ƙarshe Lorena ta taso daga baya tana cin rami bayan rami yayin da na gaba ke zubewa. Ta iso rami na 18, mai ƙa'idar bugu huɗu, ga tafki shimfiɗe a gabanta ta hagu. Ta ɗaga sanda, sandar ta tono ƙasa kafin ta samu ƙwallo da kyau, ƙwallo ta tafi ƙasa-ƙasa ta faɗa ruwa. Bugu takwas ta yi a ramin. Da huɗu ta yi, da jimillarta ta zo daidai da ta Birdie Kim 'yar Koriya ta Kudu wadda ta ɗauki kofin. Ta fito daga filin da hawaye, amma ta tsaya ta amsa tambayoyin 'yan jarida. Na san irin wannan bugun. Na taɓa tsayawa da jaka a kafaɗa a bayan wani ɗan wasa da ya yi irinsa a rami na ƙarshe, na ga yadda yatsunsa suka yi fari a kan sanda tun kafin ya ɗaga ta, na san abin da zai faru ban da ikon cewa komai. Tsoro ne ke sauka a hannu, hannu ya yi sauri ya riga jiki. Mutumin nan bai ƙara zama yadda yake ba, shekaru yana kaucewa gasa. Lorena tana da shekara 23 lokacin da nata ya same ta, a gaban kyamarorin duniya.

Bayan wata tara sai ga wani. A gasar Kraft Nabisco ta 2006 a Kalifoniya, ita ma babba ce, ta buɗe da bugu 62 a ranar farko, wanda ya yi daidai da mafi ƙarancin da aka taɓa yi a babbar gasa. Ranar ƙarshe Karrie Webb 'yar Ostireliya ta jefa ƙwallo cikin rami na 18 kai tsaye daga nisan yadi ɗari da 'yan kai. Lorena ta biyo baya ta gama wannan ramin mai ƙa'idar biyar da bugu uku, aka tafi raba gardama, Webb ta ci. Daga nan magana ta fara yawo cewa yarinyar ta iya wasa amma ba ta da zuciyar gamawa.

Abin da ta yi da wannan maganar shi ne ya sa nake girmama ta. A 2006 ɗin ta ci gasa shida. A watan Oktoba, a gasar Samsung, ta fita ranar ƙarshe tare da Annika Sörenstam 'yar Suwidin, wadda ta yi shekaru tana mulkin golf na mata ba mai ja da ita, Annika na gaba da bugu uku. Lorena ta buga 65 ta wuce ta. Duk wanda ya kalli wannan ranar ya san sarauta ta fara sauya gida. A watan Afrilun 2007 jadawalin duniya ya tabbatar, ta hau lamba ɗaya, kuma ba ta sauka ba har mako 158 a jere.

Babban kofin da ake mata gori a kansa ya zo a Agustan 2007, kuma ya zo a inda ya fi kowane wuri daraja. Tsohon filin St Andrews da ke Sikotilan shi ake ɗauka a matsayin mahaifar golf, ɗaruruwan shekaru ana buga wasa a kansa, amma sai a wannan shekarar aka fara yin gasar ƙwararrun mata a can. Kulob ɗin da gininsa ke kallon rami na farko, Royal and Ancient, bai amince da karɓar mata a matsayin mambobi ba sai 2014. Filin a bakin teku yake, ba bishiyar da za ta tare iska, ga ramukan yashi 112, wasunsu in mutum ya shiga ba a hango kansa. Lorena ta buga 67 a ranar farko ta hau gaba, ba ta ƙara sauka ba. Iska ta zo, ruwan sama ya zo, ta bi da 73 da 73 da 74, ta ci da ratar bugu huɗu. Ki lura da waɗannan lambobi uku na baya. Ba na burgewa ba ne, na haƙuri ne, na wadda ta koyi cewa a irin wannan rana ba a neman abin mamaki, kauce wa bugu takwas ake yi.

A 2007 ta ci gasa takwas da kyautar kuɗi sama da dala miliyan 4.3, abin da babu macen da ta taɓa samu a shekara guda kafin ita, ko da yake Tiger Woods a wannan shekarar ya haura miliyan 10 a ɓangaren maza. A 2008 ta ci bakwai, huɗu daga ciki a makonni huɗu a jere, har da Kraft Nabisco ɗin nan da ta kuɓuce mata a baya. Al'adar gasar ce wadda ta ci ta yi tsalle cikin tafkin da ke gefen rami na 18. Ita ba ta shiga ita kaɗai ba, da iyayenta da 'yan uwa da abokai suka afka ruwan, makaɗan gargajiyar Meziko na kiɗa a bakin tafki. Gasa 21 ke nan a shekara uku.

Akwai wani hali nata da ba ya shiga lissafin kofuna, amma ni ya fi kofunan taɓa ni. A Amurka yawancin ma'aikatan da ke yankan ciyawa da ban ruwa da share ramukan yashi a filayen golf 'yan Meziko ne da maƙwabtansu. Tun duhun asuba suke fitowa, kafin 'yan kallo su iso sun ɓace. Lorena ta mayar da shi al'ada, in ta je gasa sai ta nemi rumfar ma'aikatan nan ta shiga, ta gaishe su da harshensu, ta yi musu godiya, wani lokaci ta karya kumallo tare da su. Malama, wanda bai taɓa aiki a fili ba ba zai san nauyin wannan ba. Na yi shekaru ina bin bayan mutane da jaka, akwai waɗanda muka yi awa huɗu tare ba su tambayi sunana ba. Har yau ina iya tuna fuskar mutum na farko da ya tsaya bayan wasa ya miƙo mini hannu ya tambayi lafiyar mahaifiyata. To ki ƙiyasta a ce ta ɗaya a duniya ce ta tako har rumfarku.

Sai dai wannan halin yana da tsada. Mutumin da ba ya iya cewa a'a, kowa zai ɗora masa kaya. 'Yar wasan Amurka ko ta Koriya tana da 'yan ƙasarta da yawa da za su raba nauyi, Lorena kuwa ita kaɗai ce Meziko ke kallo. Saboda ita aka kai ga yin gasar LPGA uku a ƙasar cikin shekara guda, ɗaya ma da sunanta, a filin da ta tashi, tun daga 2008. A irin wannan makon ita ce mai masaukin baƙi, ita ce fuskar talla, ita ce kuma ake jira ta ci. Ga gidauniyarta da ke ɗaukar nauyin makarantar La Barranca ta 'ya'yan marasa ƙarfi a gefen Guadalajara. Duk wannan a kan mace guda da ba ta kai talatin ba.

Yanzu mu zo kan rabin tambayarki na biyu, ko mace na iya haɗa wannan sana'a da aure. Tana iyawa, kuma Lorena ta ga masu yi da idonta. Nancy Lopez ta haifi 'ya'ya mata uku tana cikin wasa, ta gama da kofuna 48. Juli Inkster tana da 'ya'ya biyu ta ci US Women's Open a 1999, ta sake ci a 2002 tana da shekara 42. Catriona Matthew 'yar Sikotilan ta ci British Open ta mata a 2009, mako 11 kacal bayan ta haifi 'yarta ta biyu, kuma Lorena na cikin waɗanda ta doke a wannan makon. LPGA ma tana da wurin renon yara da ke bin gasa daga gari zuwa gari tun shekarun 1990. Ban ce abu ne mai sauƙi ba. Goyo da jirgi da ɗakin otal kowane mako ba wasa ba ne, kuma nauyin da ke kan uwa ba ya kan uba ɗan wasa, wannan gaskiya ce. Amma ƙofa a buɗe take, da ta so da ta bi.

Abin da ya faru shi ne tun 2009 alamu suka fara fitowa. Daga bakwai ta sauko zuwa gasa uku. Ta rabu da kadinta Dave Brooker wanda suka ci yawancin kofunan nan tare. Kyautar gwarzuwar shekara, wadda ta ci karo na huɗu a jere, da maki ɗaya tak ta tsere wa Jiyai Shin 'yar Koriya ta Kudu, a gasar ƙarshe ta shekara. Mu da muke kallo mun fara ganin ɓacin rai a fuskar da muka saba gani a sake. A Disamban 2009 ta auri Andrés Conesa, shugaban kamfanin jiragen sama na Aeroméxico. A farkon 2010 ta tafi gasannin buɗe shekara a Tailan da Singafo, kuma kamar yadda ta bayyana da bakinta daga baya, a wannan tafiyar ce ta gane cewa ba ta son kasancewa a wurin, hankalinta na gida. A watan Afrilu ta sanar, a farkon Mayu ta buga gasarta ta ƙarshe a matsayin cikakkiyar 'yar wasa a birnin Morelia, a gaban mutanenta, ta zo ta shida. Washegari Jiyai Shin ta hau lamba ɗaya.

Kuma ba rana tsaka abin ya faɗo ba. Tun ran gini tun ran zane: tun tana ganiyarta ta sha faɗa cewa ba za ta tsufa a fili ba, shekaru kamar goma take so ta yi sannan ta koma ga iyali da gidauniyarta. Ta faɗi haka tun kafin maganar aure ta taso. Abin da ya sauya kawai shi ne lokacin ya zo da wuri fiye da yadda ta tsara.

A matakin da take, golf ba ya karɓar rabin zuciya. Tsakanin ta ɗaya da ta ashirin a duniya, bambancin bai fi bugu ɗaya da 'yan kai a zagaye ba, kuma wannan bugun ana samo shi ne a awannin da ba mai kallo, a tsaye a rana ana gangara ƙwallo ɗari daga taku uku. Ina gani a wurin yaran da nake koya wa. Ranar da yaro ya fara duba agogo a wurin atisaye, na san wani abu ya tafi, ko da bugunsa bai nuna ba tukuna. Jiki magayi, amma zuciya ke riga shi sani. Lorena za ta iya ci gaba da zagaya duniya shekara biyar ko goma tana zuwa ta takwas, ta goma sha biyu, tana karɓar kuɗin talla, ba wanda zai zarge ta. Da yawa sun yi haka. Ita ta ga cewa in ba za ta ba wasan dukkan kanta ba, gara ta ba shi wuri.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina cewa shawarar daga zuciyarta ta fito ita ce abin da ta bari a kan tebur. LPGA tana da zauren girmama gwanaye wanda shigarsa ke da wuya ƙwarai: ana buƙatar maki 27, ɗaya a kowace gasa, biyu a babbar gasa, ɗaya a kyautar gwarzuwar shekara ko ta mafi ƙarancin bugu. Lorena ta cika makinta tun Afrilun 2008, a Morelia, ranar da ta ci da ratar bugu 11, tana da shekara 26. Amma a lokacin akwai sharaɗi na biyu, sai an yi shekara 10 a ƙungiyar, wato sai 2012. Shekara biyu da 'yan watanni suka rage mata, kuma ba sai ta ci komai ba, bayyana kawai za ta riƙa yi. Wadda aka tilasta wa bari za ta nemi alfarmar wannan ɗan lokacin, kuma da wuya a hana ta. Ita ta san da sharaɗin sarai, ta tafi.

Ba zan ɓoye miki ba, ni na ji zafin tafiyarta, kuma ina ganin wasan ya yi asara babba. Annika ta riga ta ajiye a ƙarshen 2008 da kofuna 72. Tattalin arzikin duniya ya karye, kamfanoni suna janyewa, gasannin LPGA sun ragu daga 34 a 2008 zuwa 24 a 2010. A daidai lokacin da ake neman wadda za a riƙe a nuna wa masu kuɗi, sai ga ta ɗaya ta yi sallama. Kuma masu cewa manyan kofuna biyu sun yi kaɗan ga mai irin baiwarta ba su yi ƙarya ba. Annika na da goma, Webb na da bakwai. Lorena ba ta taɓa cin US Women's Open ba, ta zo ta biyu a 2007 bayan Cristie Kerr, kuma na tabbata Cherry Hills bai bar ranta ba. In ana jera gwanayen tarihi da yawan manyan kofuna, za ta zauna ƙasa da inda iyawarta ta kai. Amma asarar 'yan kallo daban, haƙƙin mai rai a kan rayuwarta daban. Bobby Jones, wanda Amurkawa ke ɗauka cikin manyan gwanayensu na kowane zamani, shi ma yana da shekara 28 ya bar gasa a 1930, bayan ya ci manyan kofuna huɗu a shekara guda. Shi ana ba da labarinsa a matsayin wanda ya cika aikinsa ya tafi da girmansa, kuma ina ganin Lorena ta cancanci a ba da nata haka.

Bayan ta bari ta haifi 'ya'ya uku, ta ci gaba da makarantarta, tana kuma tallafa wa 'yan matan Meziko masu tasowa a wasan. Gaby López, ɗaya daga cikin waɗanda suka tashi suna kallonta, ta ci gasar LPGA a ƙasar Sin a 2018, 'yar Meziko ta farko da ta yi haka bayan Lorena. A 2017 aka shigar da Lorena zauren gwanayen golf na duniya, wanda ke da nasa sharuɗɗan daban. Na LPGA kuwa sai a 2022 ƙungiyar ta soke sharaɗin shekara goma, aka buɗe mata ƙofar da makinta ya isa buɗewa tun shekara 14 da suka wuce. Tana da shekara 40 a lokacin.